Noman oganik: me ya sa sai manomi da mai bincike sun shiga gona ɗaya?

Wai shin da gaske manomi zai iya ajiye takin zamani da maganin feshi, ya noma abin da zai ci da iyalinsa har ya kai saura kasuwa? Tun da kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabi wannan tambayar take ta yawo, a rediyo, a majalisa, a Facebook, kuma duk inda aka taso da ita sai ka ga mutane sun rabu biyu. Wasu su ce ai mu tun kaka da kakanni oganik muke yi, ba wani sabon abu Bature zai koya mana ba. Wasu kuma su ce yaudara ce kawai, Turawa can sun ƙoshi da takin zamani sannan suna so mu mu zauna da kashin shanu da yunwa. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu akwai abin da suka tsallake, wato waye zai gano abin da ke aiki a gonarka kai, ba a gonar gwaji ta gwamnati ba.

Wai mene ne ma noman oganik ɗin?

A taƙaice noma ne da ba a sa takin kamfani irin su yuriya da kamfa, ba a fesa maganin ƙwari ko na ciyawa na kemikal, ba a kuma shuka irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Amma fa wannan jerin abin da aka hana ne kawai, rabin zancen ke nan. Ɗaya rabin shi ne abin da za ka yi a madadinsu: takin dabbobi da takin rami da aka ruɓar da kyau, juya amfanin gona daga shekara zuwa shekara, haɗa hatsi da wake ko gyaɗa don su ƙara wa ƙasa ƙarfi, barin itatuwa masu amfani a gona, da yaƙar ƙwari da ganye irin na darbejiya ko da wasu ƙwarin da ke cinye su.

To ka ga wanda ya shuka gero a jigawar da ta gaji, bai sa komai ba don ba shi da kuɗin taki, ya kwashe kara da karmami kaf ya kai gida, wannan ba oganik yake yi ba, tatsar ƙasa yake yi. Kowace kaka yana cire abinci daga cikinta ba ya mayar mata da komai. Da yawa daga cikin masu cewa ai dama can oganik muke yi, a wannan layin suke.

Sannan akwai oganik na takarda, wanda ake fitarwa waje. Shi wannan sai wani kamfanin tantancewa ya zo ya duba gonar, ka nuna rubutaccen tarihin abin da ka sa mata, kuma yawanci sai gona ta yi shekara 2 zuwa 3 ba kemikal kafin a ba ta shaida. Da kuɗi ake yinsa, kuɗin da ƙaramin manomi shi kaɗai ba zai iya ba.

Me ya tayar da maganar yanzu?

Aljihu ne na farko. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya hargitsa kasuwar taki ta duniya, ga kuma cire tallafin mai a Najeriya a 2023 da faɗuwar naira, sai buhun taki ya fi ƙarfin mutane da yawa. Duk da cewa ana yin yuriya a cikin gida, Indorama na yi a Jihar Ribas, Dangote ma ya buɗe nasa kamfanin a Legas a 2022, sauran sinadaran da ake haɗa kamfa da su daga waje ake shigo da su, misali fosfet daga Maroko.

Na biyu lafiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kar ya yi ƙwari. Abin da ya kamata ya dame mu ba wai asarar kasuwar Turai ba ne, waken da suka ƙi karɓa shi ne muke yin ƙosai da alala da shi kullum.

Me ya sa tashar bincike ita kaɗai ba ta isa ba?

Yadda aka saba shi ne, masana su yi gwaji a tasharsu, irin Samaru a Zariya ko Sadore kusa da Yamai, in abu ya yi kyau a ba malaman gona su kai ƙauye, manomi ya karɓa ya aiwatar. Da takin zamani wannan tsarin yana ɗan tafiya, don buhun yuriya ɗaya ne ko a Funtuwa ko a Tasawa, kashi 46 cikin 100 naitirojin ne a ciki, wato sinadarin da shuka ke ci ta yi kore ta girma. Amma takin gargajiya ba haka yake ba. Kashin akuyar da ta ci harawar wake daban, na saniyar da ta yini tana lasar busasshiyar ciyawa a watan Afrilu daban. Wanda aka tara a inuwa aka rufe daban, wanda rana ta gasa wata uku a bola daban. Ƙasar ma haka, gona ɗaya sai ka samu gefe jigawa gefe fako. Shi ya sa shawarar oganik ba ta zuwa kamar rigar kanti, sai an auna mutum kamar ɗinkin tela.

Kuma gonar tasha tana da shinge, tana da leburori da ake biya, ana yin noman farko da maimai a kan lokaci, ba awakin maƙwabta. Manomi kuwa a satin da ya kamata ya kai taki gona wataƙila amalanke babu, ko yaro ba lafiya, ko ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo na cefane. Dabarar da ba ta yi la'akari da wannan ba a takarda za ta ƙare.

Wannan ba sabon darasi ba ne ma. Tun a shekarun 1960 zuwa 1970 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya yi shekaru yana bin ƙauyukan Zariya daga Jami'ar Ahmadu Bello. A lokacin malaman gona na ta fama da mutane su daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai rashin wayewa ne. Da ya zauna ya yi lissafi da manoman sai ya gano cakuɗawar ta fi ba su riba a kan filin da suke da shi, kuma ta fi kare su in damina ta yi gardama. Manoman ne ke da gaskiya, ba a dai taɓa tambayarsu ba ne.

Abin da ake yi a Maraɗi

In ana neman inda wannan haɗin gwiwar ya zauna da gindinsa a ƙasar Hausa, a leƙa jihar Maraɗi. Akwai wata tarayyar ƙungiyoyin manoma da ake kira FUMA Gaskiya, tana aiki da cibiyar binciken noma ta Nijar wato INRAN, da cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa wato ICRISAT, da Jami'ar Hohenheim ta Jamus, da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka. Bambancinsu da tsohon tsari shi ne ba gona ɗaya ake gwaji a kai ba, ɗaruruwan manoma ne kowa ke yanka ɗan wuri a gonarsa, gefe a sa abin da ake gwadawa, gefe a bari yadda aka saba, da kaka a auna zangarniyar kowane gefe a rubuta, sannan a dawo a zauna da manoman a duba sakamakon tare.

Gwajin da ya fi jan hankali na mata ne. Duk wanda ya san ƙauye ya san wace gona ake ba mace, gamana ko gayauna can nesa da gari, wadda ta fi kowacce gajiya, takin gidan kuma gandu ake kai wa. Ba kuɗin taki, ba amalanke. To sai aka koma ga abin da kowane gida ke da shi kyauta, wato fitsarin mutane. Ana tara shi a jarka a toshe, a ajiye wata 2 zuwa 3 a zafin nan namu har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a zuba a gindin gero. Oga suke ce masa. Daga 2014 zuwa 2016 an yi gwaji 681 a gonakin matan, kuma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 na zangarniya.

Na san mai karatu ya riga ya yamutsa fuska, kuma da hujjarsa, akwai wari, akwai ƙyama, akwai maganar najasa da tsarkin tufafin sallah wadda ba abin wasa ba ce a wurinmu. Amma a nan ne ma amfanin haɗin gwiwar yake fitowa. A ce wani farfesa ne ya sauko daga mota ya ce wa matan ƙauye su tara fitsari, ai da dariya za a kore shi. Da yake matan ne da kansu a cikin ƙungiyarsu suka riƙe abin, su suka san yadda za a ɗauka, da lokacin da za a zuba, da yadda za a yi wa maƙwabciya bayani, aikin masu binciken shi ne su tabbatar da tsawon ajiyar da ke kashe cuta, su kuma auna ko ƙarin na gaske ne ko ido ne kawai ke gani.

Akwai kuma dunƙulen iri. Ana kwaɓa yashi da laka da 'yar toka, a sa ƙwayoyin gero a ciki a mulmula ƙanana a shanya, in lokacin shuka ya yi a binne. Tsiron yana tashi da ɗan abincinsa a kusa, ɓera da tururuwa kuma ba sa kwashe irin da sauƙi. Gwajin manoma ne ya nuna ya fi yin kyau a ƙasa mai yashi. Wani abin lura, wasu a maimakon toka ɗan mitsitsin kamfa suke sawa, wanda a dokar oganik ta takarda ya karya sharaɗi, amma su ba takarda suke nema ba, dami suke nema.

Sai murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniyar gero tana cinye ta tana zagayawa, wadda a shekarar da ta yi yawa sai ta bar manomi da kara. Feshi ba ya wani tasiri a kanta ga tsada. Masu binciken INRAN a Maraɗi, irin su Farfesa Ibrahim Baoua, da abokan aikinsu na Burkina Faso da Mali sun yi aiki a kan wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro da ake samu a yankin dama can. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana sa ƙwaron a 'yan ƙananan buhunan algarara tare da tsabar gero da wasu tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataya a gonakin gari lokacin da gero ya fara fitar da kai, daga nan su bazu. Matsalar ita ce ba sa jure rani sosai, kusan duk shekara sai an sake saki, kuma dole a saki a daidai lokacin. To waye ya san ranar da geron garinsu ya fara fitar da kai in ba manomi ba? Daga baya ma wasu ƙungiyoyin manoma sun koyi kiwon ƙwaron da kansu suna sayar da buhunan.

Sassabin zamani kuwa, wato renon itatuwan da ke tohowa da kansu a gona, ya girmi duk waɗannan. Tun 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su daina sare tohon kututture in suna sharar gona, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari su girma. Manoman ne suka ɗauka suka gyara ta yadda ta dace da su, maƙwabci na gani yana kwaikwaya. Sai bayan shekaru masu bincike suka zo da hotunan tauraron ɗan adam suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanyar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, kowane tsoho ya san amfaninsa tun kafin a rubuta shi a mujalla.

Masu suka ma suna da hujja

Kar a ɗauka duk wanda ya soki oganik ɗan koren kamfanin taki ne. A yi lissafi mai sauƙi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen kashin shanu in ya yi kyau bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ko sama kaɗan, ke nan sai ka kai fiye da tan 2 gona kafin ka maye buhu ɗaya. Mangala nawa ke nan a bayan jaki? Kuma mai akuya uku daga ina zai samo? Ga shi karan da ake cewa a bari ya rufe ƙasa shi ne abincin dabba, shi ne makamashi, shi ne dangar gida. Yawancin ƙasar Sahel kuma tana da ƙarancin fosfet, wanda takin gida ba ya cika cike giɓinsa.

Manyan nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwajen duniya sun nuna a matsakaici amfanin oganik yana ƙasa da na noman zamani da kashi 19 zuwa 25 cikin 100, duk da dai yawancin gwajin a ƙasashen da ke zuba taki sosai aka yi. Mu kuwa matsalarmu ba yawan taki ba ce, a taron taki na ƙasashen Afirka da aka yi a Abuja a 2006 an ce matsakaicin abin da Afirka kudu da Sahara ke sawa kilo 8 ne a hekta, aka sa burin kaiwa 50.

Sannan ga Siri Lanka. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, wai ƙasar gaba ɗaya ta koma oganik. Ba a shirya manoma ba, ba a tanadi takin da zai maye ba, ba a gwada a ƙananan wurare an gani ba. Shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, ƙasar ta koma sayen shinkafa daga waje, kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar, a 2022 kuma shi kansa shugaban ya tsere daga ƙasar cikin rikicin tattalin arziki. Masu suka na yawan kawo wannan misalin, kuma daidai ne su kawo. Sai dai ni abin da na gani a ciki shi ne illar yanke wa manomi hukunci daga ofis, wanda shi ne kishiyar abin da ake yi a Maraɗi.

Shi ya sa masana da yawa suke tsakiya: a gina ƙasa da takin gida da wake da itatuwa, sannan in da hali a ɗan ɗiga na zamani a gindin shuka, kamar 'yan giram ɗin nan da ICRISAT ta gwada a Nijar. Masu tsattsauran ra'ayin oganik ba sa son jin haka. Manomin da ke da baki goma a gida kuma ba ruwansa da sunan da za a kira abin.

Inda haɗin gwiwar ke yin tangarɗa

Ba duk inda aka rubuta "tare da manoma" a allon aiki ne ake yin tare ɗin ba. Sau da yawa an riga an tsara komai a ofis, manomi aron gona kawai ya bayar da ƙarfinsa, a zo a ɗau hoto da shi a tafi, sakamakon ya fito da Turanci ko Faransanci a mujallar da ba zai taɓa gani ba. Wani lokacin kuma kuɗin zama ne ke ɓata lamarin, mutane su shiga don alawus ɗin taro, su faɗa wa baƙo abin da yake son ji, ranar da aikin ya ƙare kowa ya koma yadda yake. Ga kuma zaɓen waɗanda za a yi da su, in aka bar wa masu faɗa a ji sai ka ga gonakin masu hali ne kaɗai a ciki, masu shanu da amalanke, sai sakamako ya yi kyau a takarda amma bai shafi talaka ba.

Shi ma mai binciken yana da nasa ciwon kan. Gwaji a gonar mutane ba shi da tsabta, wani ya makara da shuka, wani awaki sun shiga, wani ya ga gefen gwaji ya yi kyau ya tausaya wa ɗaya gefen ya zuba masa taki, shi ke nan awo ya lalace. Maganin wannan shi ne yawa, in gonaki sun kai ɗaruruwa kurakuran ɗaiɗaiku ba sa ɓoye gaskiya, har ma a ga a wace irin ƙasa abin ke aiki a wacce ba ya yi. Amma bin gonaki ɗari shida yana cin mai da lokaci, ƙarin girma a jami'a kuma da yawan takardu ake samu ba da yawan ƙauyukan da ka taka ba. Kuma a faɗi gaskiya, kusan duk misalan nan kuɗin waje ne ya ɗauke su. Tambayar wa zai biya in mai tallafi ya naɗe tabarmarsa tana nan.

To talaka me zai samu?

Mai saye a birni kar ya sa ran abinci zai yi araha saboda oganik, mai shaidar takarda ma tsada yake ƙarawa. Kuma duk wanda ya manna wa zuma ko tumatir kalmar oganik a intanet ba tare da wata ƙungiya da ta san gonarsa ba, maganarsa ce kawai. Akwai tsarin da manoma da masu saye ke haɗuwa su riƙa duba gonakin juna su ba da shaida a tsakaninsu ba sai an kira kamfanin waje ba, ƙungiyar masu noman oganik ta Najeriya, NOAN, tana tallata shi, ya fi dacewa da kasuwar gida. Inda mai saye zai fi saurin ganin amfani shi ne wajen ajiya. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike a arewacin Kamaru kuma aka gwada shi a dubban ƙauyukan Najeriya da Nijar a gaban jama'a, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska, ba ɗigon magani. A rufe buhu a gaban mutanen gari, a dawo bayan watanni a buɗe a gabansu, gani ya kori ji.

Masu noman riɗi da zoɓo da citta na fitarwa waje su ne shaidar takarda za ta iya yi wa rana, in sun haɗu a ƙungiya sun raba kuɗin tantancewa.

Shi kuwa ƙaramin manomi, ba sai ya jira wata ƙungiya ta zo garinsu ba, kuma ba sai ya juya gonarsa duka a damina ɗaya ba. Ya ware kunya goma ya sa abin da ya ji ana yabo, goma na kusa da su ya yi yadda ya saba, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Da kaka ya ɗaure na kowane gefe daban, ya sussuka daban ya auna da tiya, ya lissafa har da kwanakin aiki da kuɗin ɗaukar taki. In mutum goma a gari suka yi haka suka haɗa abin da suka samu, sun fi ƙarfin a zo a yi musu romon baka, ko daga mai tallan taki ko daga mai tallan oganik. Sai dai damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, takin gida a shekara ta biyu da ta uku yake nuna ƙarfinsa, kuma a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci sakamakon kan iya juyewa, don haka a maimaita a wuri ɗaya aƙalla damina uku kafin a faɗaɗa.